Daga Madugu Zuwa Injiniya: Tarihin Hanyar Bagudo Da Iyakar Benin

Jama'a masu karatu, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai a yi mini afuwa. Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar gardama ce da aka yi a gidanmu. Ɗan ƙanwata ne ya gama sakandare, aka zaunar da shi ana tambayarsa abin da yake son karantawa, kowa na jiran ya ji likita ko lauya, sai yaro ya sunkuyar da kai ya ce shi Daura yake son zuwa, jami'ar sufuri, ya karanci aikin injiniyan hanyoyi. Ai kuwa sai ɗaki ya kaure da dariya. Wani yayanmu ya dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, in direba kake son zama ai ba sai an kashe kuɗin jami'a ba, gobe in kai ka tasha in damƙa ka a hannun wani maigida." Yaron ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, kai ma haka ka gani?"

Ban amsa masa nan take ba, domin kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne wata tafiya da na taɓa yi zuwa ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi, lokacin ina tattara bayani don wani littafi da nake son rubutawa a kan fataken Gwanja. Littafin dai bai samu fitowa ba har yau, amma abin da na gani da wanda na karanta a kan wannan yanki bai fita daga raina ba. Shi nake son in shimfiɗa a nan, ya zama amsa ga yaron da kuma duk wanda yake ganin hanya ba abar da za a zauna a aji a karanta ba ce.

Ga wanda bai san wurin ba, Bagudo ƙaramar hukuma ce a yammacin Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu. A nan ne Kogin Kwara, wanda 'yan boko ke kira Neja, yake shigowa Nijeriya ta wajen Lolo, bayan ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar. Kogin ya raba ƙasar gida biyu. Garin Bagudo yana wannan hayi, in ka haye gadar Tuga sai ka sami Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya a wancan hayi, in ka wuce Tsamiya kuwa ka shiga Segbana ta Jamhuriyar Benin ke nan. Akwai Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Kyangawa, duk a cakuɗe. Mutumin Kano ko Zariya in ya ji sunan wurin yau, sai ya ɗauka ƙarshen duniya ne. To amma shekaru 150 da suka wuce, wannan wuri tsakiyar hanya ne.

A ƙarni na 18 da na 19 babu fataucin da ya kai na goro daraja a ƙasar Hausa. Goron nan kuwa a dazukan ƙasar Ashanti yake, cikin Gana ta yau, babbar kasuwarsa ita ce Salga a ƙasar Gwanja. Ayari zai tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu da dabbobi, har da bayi, domin gaskiya ba ta ɓuya, ya nufi yamma. Ko ta ina ya bi dole ne ya ƙetare Kwara. Masu bin hanyar kudu suna fito ta wajen Yawuri da Busa, masu bin ta arewa kuwa su ya da zango a Jega, su gangaro su haye ta Illo ko Gaya, su bi ta Kandi da Jugu da Sansanin Mangu da Yandi har Salga. Baturen nan Kilafaton ya rubuta cewa a 1826 ya haɗu da irin wannan ayari a Kayama cikin ƙasar Bargu, mutum sama da 1,000 da dabbobi kusan yawansu. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan cinye kusan shekara guda. Wani masanin tarihi, Paul Lovejoy, ya zauna da jikokin fataken nan, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ya rubuta littafi a kansu wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1980.

Yanzu mai karatu ya tsaya ya dubi aikin madugu, shugaban ayari. Shi zai zaɓi hanyar da za a bi a bana, bayan ya ji labarin inda ake yaƙi da inda 'yan fashi suka tare. Shi ya san tazarar da jaki mai ɗauke da kaya zai iya yi daga asuba zuwa azahar, don haka ya san inda kowane zango zai faɗa, da ko akwai ruwa da ciyawa a wurin. Ya san nauyin da za a ɗora wa jaki da na takarkari da na ɗan dako, ya san in aka zarce a rana ta goma dabba za ta kwanta. Ya san kuɗin fiton da kowane sarki zai karɓa, ya lissafa shi tun kafin a tashi. Ya san goro ba ya son rana, sai an naɗe shi da ganye cikin huhu ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe, saboda haka kwana ɗaya na jinkiri asara ce. Yana da jagaba a gaba da uban dawaki, kowa da aikinsa. Zaɓen hanya, awon nauyi, lissafin lokaci, lissafin kuɗi, tsaron rai. In ba ilimin sufuri ba, mene ne wannan? Abin da ya rage masa kawai shi ne allo da takardar shaida.

Haka nan masu fito na bakin kogi suna da nasu karatun. A wannan tafiya tawa na zauna da wani dattijo a bakin ruwa, na ce, "Baba, wai yaushe ne ruwan nan ya fi cika?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ruwan ga kashi biyu na. Akwai namu na damana, mai laka, shi ka zowa da hushi. Akwai kuma baƙo, baƙin ruwa, shi ba ya isowa sai sanyi ya kama, sa'ad da ko ɗigo ba a yi nan." Na ɗauka zancen tsofaffi ne, sai daga baya na tarar abin da masana kogin suka rubuta ke nan. Kwara cika biyu take yi a wannan yanki. Ta farko ita ce ta ruwan saman da ya sauka a nan kusa, wadda ke kaiwa ƙarshe wajen watan Satumba. Ta biyu kuwa ruwan da ya sauka ne a Gini, ya bazu a fadamun ƙasar Mali ya daɗe yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sai ya iso nan tsakanin Disamba da Fabrairu ya yi duhu ya tace. Duk wanda zai kafa gada ko ya ɗaga titi a ƙasar Bagudo bai san wannan ba, to kuɗin jama'a zai zuba a ruwa.

To me ya mayar da tsakiyar hanya ta koma ƙarshen duniya? Amsar tana cikin zuwan Turawa. Illo a da tana cikin manyan garuruwan Bargu guda uku, ita da Busa da Nikki. A 1894 Ingila da Faransa suka shiga tsere a kan wannan ƙasa. Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamna, lokacin yana yi wa Kamfanin Neja aiki, ya yi sauri ya isa Nikki a watan Nuwamba ya karɓi takardar yarjejeniya, 'yan kwanaki kaɗan kafin Bafaranshe Kyaftin Decoeur ya iso. Daga nan sojojin ɓangarorin biyu suka yi ta kafa tutoci a ƙauyukan Bargu har aka kusa gwabzawa. A ƙarshe suka zauna a birnin Paris ranar 14 ga Yuni, 1898, suka raba ƙasar. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Takardar ta ce layin zai taɓa kogi ne a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Wato da mashigin fatake aka auna inda za a datse hanyar fatake. Bayan haka Turawan Ingila suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da Gwandu.

Layin iyaka shi kaɗai da bai kashe hanyar ba, domin jaki bai san taswira ba. Abin da ya kashe ta shi ne jirgi. Hanyoyin kakanninmu gabas da yamma suke tafiya, suna haɗa baƙar fata da ɗan'uwansa. Na Turawa kuwa kudu da arewa suke, daga gona zuwa bakin teku, domin gyaɗa da auduga da fatu su fita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda shi kansa ɗan gidan fataken Agalawa ne da ya taka ƙasar Gwanja da ƙafarsa, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas. Da zarar goro ya iya isowa Kano ta teku da dogo cikin 'yan makonni, wa zai ƙara yin watanni a bayan jaki? Ba laifinsa ba ne, ɗan kasuwa riba yake bi. Amma zangunan Illo suka fara yin shiru.

Abin takaici, sabuwar hanyar ba ta zo ta maye gurbin tsohuwar ba. Reshen dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai kai Sakkwato ba, balle Birnin Kebbi, balle Bagudo. A ɗaya hayin kuma Faransawa sun jawo nasu dogon daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, shi ma ya tsaya cak. Daga nan sai manyan motoci su kwashi kaya su bi ta Kandi zuwa Malanbil, inda aka gina gada a 1958 ta haɗa ta da Gaya a Nijar. Ka ga ke nan kowane Bature ya ja hanyarsa cikin gonarsa, ƙasar Bagudo ta zauna a tsakiya kamar marainiya a gidan biki. Kasuwanci bai mutu ba, sai dai ya sauya suna. Kalmar fito, wadda a da take nufin ƙetarar da mutane da kaya a kogi bisa izinin sarki, yau in ka ji an ce wane ɗan fito ne a garuruwan bakin iyaka, ka san fasa-ƙwauri ake nufi.

Shi kuwa ilimin hanya na boko, a Zariya ya fara sauka a Arewa. Tun shekarun 1950 ake koyar da aikin injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha da ke can, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta gada da aka kafa ta a 1962. A 1964 aka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, a 1986 kuma aka kafa cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, NITT, ita ma a Zariya. Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991 tana da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013. Sai kuma a watan Disamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin jami'ar sufuri ta Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Ita ce yaron namu ke mafarki.

Me ake karantawa a irin waɗannan wurare? Bari in kawo misali ɗaya da ni kaina ya ba ni mamaki. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyin Amurka sun shimfiɗa tituna na gwaji a jihar Illinois, suka sa motoci masu nauyi daban-daban suna zagayawa dare da rana, suna auna yadda kwalta ke lalacewa. Abin da suka gano shi ne, in ka ninka nauyin da ke kan jerin tayoyi guda sau 2, ɓarnar da zai yi wa titi ba sau 2 take ninkuwa ba, wajen sau 16 ne. Saboda haka tirela ɗaya da aka yi wa lodin ganganci ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Wannan ne ya sa ƙasashen Afirka ta Yamma suka yi dokar kada nauyin da ke kan jerin tayoyin baya guda ya wuce tan 11.5. Madugu ya san in ka zarce wa jaki kaya zai kwanta. Injiniya ya san titi ma jaki ne, sai dai shi ba ya kuka, rami kawai za ka gani.

Bayan nauyi sai ruwa. Ɗalibi zai koyi gwada ƙasa, ya bambance jar ƙasa mai tsakuwa da ke riƙe titi da baƙar laka ta fadama wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani. Zai koyi lissafin yawan ruwan da kwari zai kwaso in an yi mamakon da ba a saba gani ba, don ya san faɗin kwalbatin da zai sa. Zai koyi yadda ruwa ke rarake gindin ginshiƙin gada a ɓoye. Zai zauna bakin titi yana ƙirga motoci da babura da amalanke ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, don a san irin titin da ya dace da wurin. Akwai kuma fannin sufurin ruwa, da na tsarin tashoshin kan iyaka, da na kare haɗari. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba tuƙin mota ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen littafi ne kurum, rayuka ne a ciki. A watan Satumba na 2017 wani jirgin ruwa da ya ɗauko 'yan kasuwa daga Gaya zuwa kasuwar Lolo ya kife a Kwara, fiye da mutum 30 suka riga mu gidan gaskiya. A watan Mayu na 2021 wani ya sake nutsewa a wajen Warra cikin ƙaramar hukumar Ngaski, wanda asararsa ta fi ta Lolo nesa ba kusa ba. Allah Ya jiƙansu. Ajali gaskiya ne, amma lodin da ya wuce kima da rashin rigar ruwa da rashin matsaya mai kyau duk abubuwa ne da ake aunawa a gyara. A daminar 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ta yanke hanyoyi da gadoji, Bagudo na cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Manomin da ruwa ya bar wa ɗan abin da ya bari, ya rasa ta inda zai kai shi kasuwa.

Sannan ga siyasar iyaka. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a buɗe ta Kamba ba sai a watan Afrilu na 2022. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe gadar Malanbil da Gaya, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu na 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba a lokacin. Sai aka koma kwale-kwale kamar zamanin kakanni, direbobi da 'yan kasuwa kuma suka shiga neman zagaye ta Kandi da Segbana da Tsamiya, su haye Kwara a ƙasar Bagudo su hau zuwa Kamba. Ka ji ikon Allah. Yankin da taswirar Turawa ta mayar saniyar ware, shi aka dawo ana nema da babbar ƙofa ta rufe. Tambayar ita ce, titin da gadar da aka yi don motocin kasuwar ƙauye, wa ya lissafa musu nauyin tirelolin ƙasa uku?

A 2024 an ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta ratsa Jihar Kebbi, tun 2021 kuma aka fara aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Duk alheri ne. Amma babbar hanya ba ta amfanar ƙauyen da ba shi da ƙaramar da za ta kai shi gare ta, kuma wanda zai tsaya a ofis ya ce a tuna da Illo da Lolo da Ka'oje, sai wanda ya san su. Dattijon nan na bakin ruwa ya nuna mini wani kwalbati da ke tsaye a busasshen wuri, ruwa kuwa ya yanke titin a can gaba kaɗan. Ya ce, "Sun zo da na'urorinsu sunka auna da rani, sunka tafi. Ba wanda yat tambaye mu inda ruwa ka bi." Ban ce na'ura ƙarya take yi ba, kuma ban ce tsoho zai iya lissafin ƙarfen gada ba. Abin da nake cewa shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun daɗe muna da masu na'ura da ba su san ɗakin ba, da masu ɗakin da ba su da na'ura. Ranar da jikan masu fito ko jikan madugu ya riƙe na'urar nan da hannunsa, ya rubuta kundin digirinsa a kan cikar Kwara a Tuga ko lodin jiragen kasuwar Lolo, ranar ce ilimin biyu za su haɗu.

Wannan ita ce amsar da na ba ɗan ƙanwata bayan kwana biyu, a gaban yayan namu. Na ce masa ya je ya karanta, amma da sharaɗi ɗaya: in an ba shi hutu kada ya zauna a birni, ya tafi bakin kogi da tashar mota ya gaida tsofaffi ya yi tambaya. Yayan namu dai bai ce ya yarda ba, sai ya ce, "To, Allah Ya sa albarka, amma in ya gama ya fara da layin gidanmu." Aka sake yin dariya, sai dai wannan karon har da yaron.

Iyaye, in 'ya'yanku suka zo muku da irin wannan buri, maza ko mata, kada ku kashe musu gwiwa. Kakanninmu ba su raina ilimin hanya ba, shi ya kai Hausa har Gwanja. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure kuwa 'yan'uwa na ƙasar Kabi da suka fi ni sanin gida su gyara mini. Allah Ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, Ya sa mu dace. Wassalam.